Aji a cikin aji: igiyar cibiyar da ba a gani, daga 1967 zuwa yau

1/ Ƙanena da ke koyon Java ya turo mini saƙo daren jiya: "Yaya, wannan ƙaramin ajin, in saka shi cikin babban ne ko in buɗe masa nasa fayil ɗin?" Na so in sallame shi da layi biyu, abu ya ƙi. Tambayar ta girme shi, ta girme ni. Tun 1967 ake kai-komo a kanta. Ku gyara zama, zaren da tsawo 🧵

2/ Don waɗanda ba 'yan harkar ba: a rubutun manhaja, aji kamar mazubin bulo ne. Ka ƙera mazubi sau ɗaya, ka yi ta zubo bulo da shi. Kowane bulon da ya fito shi ake kira objek. Tambayar ƙanena ita ce: ana iya ajiye wani mazubin a cikin wani? Ana iya. Yaushe ya dace? Nan ne rigimar take.

3/ Kuma ba maganar ado ba ce. Ni ta taɓa jawo mini kunya a gaban mai shago, da kwana uku ba barcin kirki, saboda kalma ɗaya tak da ban rubuta ba. Zan zo kan labarin. Amma sai mun fara zuwa Oslo.

4/ Norwe, shekarun 1960. Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl suna aiki a cibiyar lissafin kwamfuta ta ƙasar. Damuwarsu kwaikwayon duniya a kwamfuta: layin jira, jiragen ruwa a tasha, injina a masana'anta. Daga nan suka fito da Simula 67, yaren da ya kawo aji da objek da gado tsakanin azuzuwa.

5/ Ba daga sama suka faro ba, a kan ALGOL 60 suka yi gini. Shi ALGOL tsarinsa ɗaki cikin ɗaki ne: ka buɗe shinge, ka buɗe wani a cikinsa, na ciki yana ganin duk kayan na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Da shingen ya gama aiki sai ya ɓace da kayansa.

6/ Dabarar su Dahl: a bar shingen ya ci gaba da rayuwa bayan ya gama gudu. Shingen da ya ƙi mutuwa, shi ne objek. To tunda aji ɗan shinge ne, saka aji cikin aji ya zo musu a kyauta, gado ne daga ALGOL. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro shi musamman.

7/ Kuma sun more shi. A Simula akwai babban aji mai suna SIMULATION, shi ke riƙe da agogo da jerin abubuwan da za su faru. A cikinsa akwai aji PROCESS. Duk jirgi ko kwastoman da za ka kwaikwaya daga PROCESS yake fitowa, yana kallon agogon gidan da aka haife shi. Jirgin da ba shi da agogo ba shi da ma'ana a wannan duniyar.

8/ Ku lura da nan sosai, don shi ne ƙashin bayan zaren. Abu biyu ne aka ƙulle wuri ɗaya. Na farko suna: PROCESS ɗan gidan SIMULATION ne, a can za ka same shi. Na biyu igiya: kowane ɗan ciki yana riƙe da wani takamaiman objek na waje, kamar jariri da cibiya. A Simula ba ka samun ɗaya ba tare da ɗayan ba.

9/ A tsallaken teku, a Xerox PARC da ke Kalifoniya, su Alan Kay sun ɗauki ra'ayin objek daga Simula suka gina Smalltalk a shekarun 1970. Amma suka bar ɗaki cikin ɗaki. Kowane aji a fili ɗaya yake, cikin ƙamus guda na duk tsarin. Kowa mai zaman kansa.

10/ Sauƙi kam akwai. Matsalar sai gari ya cika: mutum biyu sun raɗa wa ajinsu suna ɗaya, dole wani ya janye. Objective-C ya gaji wannan filin. Shi ya sa masu rubuta manhajar iPhone suka saba da NSString da NSArray. Wancan NS ɗin tambarin gida ne daga zamanin NeXT, aka manna a goshin suna don babu ɗakin da za a saka shi.

11/ Sai Bjarne Stroustrup, ɗan Denmak. Ya yi amfani da Simula a aikin digirinsa na uku a Kambirij, ya ji daɗin tsarinsa, ya sha wuyar nawarsa. A 1979 a Bell Labs ya fara ɗora azuzuwa a kan yaren C, abin da ya zama C++.

12/ C yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: ka rubuta struct cikin struct, sunan na cikin sai ya zille ya fito waje, kamar ba a ciki ka rubuta shi ba. C++ ya bi wannan ɗabi'ar shekaru don kada ya saɓa da C. Sai wajajen 1990 aka gyara, sunan na ciki ya zauna a ciki.

13/ Amma Stroustrup suna kawai ya ɗauko, ya bar igiyar. A C++ ajin ciki bai san wani objek na waje ba. In kana son ya sani, kai za ka miƙa masa da hannunka, kowa na gani. Dama aƙidarsa ke nan: abin da ba ka nema ba, kada ka biya kuɗinsa.

14/ In misalta da gida irin namu. Akwai ɗan da ke cikin gandu, tukunya ɗaya da mahaifinsa. Akwai wanda ya yi aure, sashensa na cikin gidan, ana ce masa ɗan gidan wane, amma tukunyarsa daban. Akwai kuma wanda ya fita ya gina nasa. Simula ya ba mu na farko, C++ na biyu, Smalltalk na uku.

15/ Yanzu Java. Ya fito a Janairun 1996 ba aji cikin aji sam. Kuma a wancan lokacin, kula da maɓallai a fuskar manhaja azaba ce: duk wani dannawa wuri guda yake zubowa, kai kuma ka jera "in wannan ne, in wancan ne" har hannu ya gaji.

16/ Fabrairun 1997, Java 1.1 ya sauya tsari. Kowane maɓalli a ba shi nasa mai sauraro, wato ɗan ƙaramin objek da za a kira in an danna. Da kyau. Sai dai fuska mai maɓalli ashirin za ta iya cin ƙananan azuzuwa ashirin, kuma kowanne na buƙatar taɓa kayan babbar fuskar. A wannan fitowar ce aka kawo ajin ciki, John Rose ne ya jagoranci tsara shi.

17/ Iri huɗu suka zo. Mai kalmar static a gaba, ba igiya. Marar static, da igiya. Wanda ake rubutawa a tsakiyar aiki. Da marar suna, wanda ake ƙera shi nan take a layin da za a yi amfani da shi. Na ukun da na huɗun su ma in a cikin aikin wani objek aka haife su, da igiyarsu suke zuwa.

18/ Ga inda aka yi zaɓin da ya bi mu shekaru. In ba ka ce komai ba, ka samu igiya. Sai ka ƙara kalma kafin a cire maka. Mai gaggawa, mai koyo, mai kwafo daga intanet, duk igiya suke samu ba tare da sun san akwai ta ba. A ganina juye abin ya kamata a yi tun ranar.

19/ Sai kuma wani wayo. Sun Microsystems ba ta so ta taɓa injin JVM, tunda ya riga ya bazu cikin burauzoji. Sai aka ɗora wa kwamfaila duk aikin. Kai kana ganin aji cikin aji, shi kuma a ɓoye yana raba su fayil-fayil: Waje.class, Waje$Ciki.class, marar suna kuma Waje$1.class.

20/ Wato a idon injin, babu wani aji cikin aji. Duk masu zaman kansu ne. Igiyar ma tana da suna, this$0. Fili ne ɓoyayye da kwamfaila ke dasawa a jikin ajin ciki. Je ka duba da javap -p a kan wani tsohon aikinka, za ka gan shi yana kallonka.

21/ To yaya na ciki zai taɓa kayan na waje da aka kulle da private, alhali injin bai san 'yan gida ɗaya ba ne? Sai kwamfaila ya fasa ƙofar baya, ya ƙera ayyuka masu suna irin access$000. Wannan ƙofar kuwa duk wanda ke kunshi ɗaya da ajin zai iya bi ta ciki. Haka aka zauna da ita shekara 21.

22/ Ɗan ratse, don akwai faɗa a labarin. Microsoft ta yi nata Java ɗin, Visual J++, ta saka wata hanya daban ta kula da maɓallai mai suna delegate. Sun ta fitar da takarda musamman tana cewa ba a buƙatar wannan, ajin ciki ya wadatar. Dama suna kotu tun Oktoban 1997 kan sauye-sauyen da Microsoft ke yi wa Java. A 2001 aka sasanta, Microsoft ta biya dala miliyan 20.

23/ Anders Hejlsberg, wanda ya yi aikin J++ ɗin, shi ya jagoranci C#. Da C# ya fito a 2002, delegate na nan daram, ajin cikinsa kuma irin na C++ ne: suna a ciki, ba igiya.

24/ A gidan Java ma an farga da wuri. Joshua Bloch, wanda ya rubuta yawancin ma'ajiyoyin bayanai na Java, ya fitar da littafin Effective Java a 2001. Cikin shawarwarinsa har da fifita mai static duk inda ajin ciki ba ya buƙatar objek na waje.

25/ Buɗe kod ɗin Java ɗin kansa ka ga yadda suka yi. A ArrayList, ajin da ke bin jeri ɗaya bayan ɗaya, Itr, yana da igiya. Daidai ne, dole ya san wane jeri yake bi, kuma ya gane in an sauya jerin yana tsakar tafiya. Wannan ɗan gandu ne na gaskiya, jikan PROCESS.

26/ A HashMap kuwa, ƙullin da ke riƙe kowane mabuɗi da ƙimarsa static ne. Ba ruwansa da sanin uwar. Da an bar masa igiya, kowane ƙulli zai ɗauki ƙarin fili na baiti 4 ko 8. Ninka wannan sau miliyan, a kan abin da ba wanda zai taɓa amfani da shi.

27/ A babbar kwamfuta wannan ɓarna ce kawai. Da Android ya zo a 2008 ta zama ciwo. Dalili: kana juya waya daga tsaye zuwa kwance, tsarin yana rushe fuskar da kake kai, wato Activity, ya gina sabuwa. Tsohuwar kuma mai kwashe shara ya zo ya ɗauke ta daga memori.

28/ Shi mai kwashe shara ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya ɗaukar abin da wani mai rai ke riƙe da shi. In ka ƙera Handler ko AsyncTask marar suna a cikin fuskar, ka aike shi aiki mai tsawo, igiyarsa na ɗaure da fuskar. Jariri na raye, uwa ba ta tafiya. Ita da hotunanta da duk kayanta.

29/ Ga labarina. Na yi wa wani mai shagon kayan masarufi manhajar lissafin ciniki. Na saka ɗan agogo da ke sabunta jimillar kuɗi kowane 'yan daƙiƙu, Handler marar suna, yana sake aiken kansa ba tsayawa. A wayata lafiya lau. A ƙaramar wayar yaron shagon, mai memori gig ɗaya, kullum bayan azahar sai ta mutu.

30/ Kuma ba ta mutuwa sai layi ya cika. Mai shagon ya kira ni gaban kwastomomi ya ce, "Malam, littafina bai taɓa kashe kansa ba." Me zan ce? Na zargi wayar, na zargi yaron, na zargi zafi. Kwana uku ina neman laifi a ko'ina ban da layin da na rubuta.

31/ Ashe yaron yakan juyo wayar ya nuna wa mai saye jimilla, sannan ya mayar. Kowane juyi, sabuwar fuska, tsohuwa ta maƙale a hannun agogonta da bai daina bugawa ba. Zuwa azahar gawarwakin fuskoki sun cika memori. LeakCanary ne ya tona, kayan aikin da Square ta saki a 2015. Ya zano sarƙar riƙon, a tsakiyarta this$0.

32/ Gyaran bai kai minti goma ba. Na mayar da ajin static, na ba shi riƙo mai rauni da WeakReference, na soke saƙonnin da ke jira a onDestroy. Abin da ya fi ci mini rai, Android Studio ya daɗe yana ja mini layin gargaɗi a wurin, ni kuma na ɗauka surutunsa ne na kullum.

33/ Ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa aka yi wa gargaɗin suna, HandlerLeak. AsyncTask kuwa Google ta yi masa ritaya a Android 11, shekarar 2020, kuma irin wannan yoyon na cikin laifukansa.

34/ Daga nan tarihin ya koma warware ƙullin 1997 sannu a hankali. Java 8, a 2014, ya kawo lambda. Aikin da aka ƙirƙiro ajin marar suna dominsa, sauraron maɓalli, ya koma layi ɗaya. Kuma lambda ba ya riƙe objek na waje sai in ya taɓa wani abu nasa.

35/ Kotlin na JetBrains, wanda ya kai 1.0 a 2016, shi ya yi juyin da nake fata. Ka rubuta aji cikin aji, ba igiya. Kana son igiya, sai ka rubuta inner da hannunka. Kalma ɗaya ce dai, amma yanzu mai haɗarin ne ke buƙatar kalma. Google ta karɓe shi a Android a 2017. Hattara dai: objek marar suna a Kotlin in ya taɓa kayan fuska, riƙe ta zai yi.

36/ Java 11, a 2018, ya koya wa JVM sanin 'yan gida ɗaya, aka daina fasa ƙofar access$000. A Java 16, duk record da ka saka cikin wani aji static ne ko ba ka faɗa ba. Daga Java 18 kuma kwamfaila na iya barin dasa this$0 in ajin cikin bai yi amfani da shi ba.

37/ 'Yan Flutter, ku naku Dart bai yarda da aji cikin aji ba ko kaɗan. Shi ya sa kuke rubuta _MyAppState a ƙasan MyApp, fayil ɗaya, da layin ƙasa a gaban suna don ya ɓuya wa sauran fayiloli. 'Yan Django kuma, class Meta da kuke sakawa cikin kowane model aljihun saituna ne kawai, Python ba ya ɗaura masa igiya.

38/ To amsar da na ba ƙanena. Na ce ya fara tambayar kansa: wannan ƙaramin zai iya aiki ba tare da wani takamaiman babban ba? In ba zai iya ba, kamar Itr, igiya halak ce, ya dai tabbata ƙaramin ba zai fi uwar daɗewa a duniya ba. Irin wannan kaɗan ne, wallahi sun fi yadda mutane ke zato ƙaranci.

39/ In zai iya, amma sunansa ba ya ba da ma'ana sai an jingina shi da gidan, ya zauna ciki da static. Map.Entry, AlertDialog.Builder, RecyclerView.ViewHolder, duk haka suke. Builder kawai a fili, builder na me? Akwai su ɗari.

40/ In kuwa wani aji na daban ya fara buƙatarsa, ko ya yi girman da sai ka gangara shafi uku kafin ka koma kan babban, ko kana son gwada shi shi kaɗai, ya fita ya gina nasa. Sai dai ban yarda da masu cewa a fitar da komai ba. Na gaji aikin wani mai wannan aƙidar, fayil arba'in masu layi shida-shida, kowanne a buɗe ga kowa. Neman abu a ciki kamar neman allura a kasuwar Kurmi.

41/ Nasa ajin sunansa Kaya, yana cikin Rasit: suna, adadi, farashi. Bai taɓa komai na rasit ɗin ba, sai na ce ya sa masa static ya bar shi a wurin. Can wajen sha ɗaya ya sake turowa: "Yaya, na manta, shafin kayan sito ma da shi yake aiki." Na ce to fitar da shi. Ya ce sai an kawo wuta, cajinsa saura 4.